Jirgin Jamus a Cikin Gafakata

Shekara tara ke nan da rasuwar ɗana. Ƙarshen damina ne, lokacin da Kwara ta cika ta hau fadama, shinkafar mutanen Bahindi tana tsaye cikin ruwa har wuya, maza suna shiga da kwale-kwale suna yanko kan da ya leƙo. Shekara ce mai nauyi. Sauro ya yi yawa, zazzaɓi yana bin gida-gida, duk wanda ka gaisar sai ya ce da sauƙi, alhali ba sauƙin. Kwana shida ɗana ya yi a kwance. A na bakwai da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa zan fara a jarida ba. Malam mutane suke ce masa saboda yana koyarwa a firamare, ni ma haka zan ce. Ku yi haƙuri da rubutuna. Da girmana na koyi boko, a ajin yaƙi da jahilci, kuma dalilin da ya kai ni ajin shi ne abin da nake son in ba ku labari, ko wani cikinku zai gane abin da ni har yau ban gane ba.

Malam yana da wata al'ada. In ya dawo daga masallaci da asuba ba ya komawa barci. Sai ya zauna a kan buzunsa a bakin ƙofa, inda haske yake fara shigowa, ya buɗe wani littafi mai baƙin bango ya yi ta rubutu har rana ta fito. Wani lokaci ya duba wayarsa, ya ci gaba. In na wuce da tsintsiya nakan rage motsi. A raina cewa nake yaron nan yana tsakaninsa da Ubangijinsa.

Bayan an yi sadakar arba'in aka zo raba kayansa. Ba su da yawa. Cikin akwati aka sami littattafan nan guda biyu, duka cike da rubutun hannunsa. Ƙanen mahaifinsa, Baffa Manu, shi ya ɗauka ya duba. Baffa ya yi karatun allo mai zurfi amma bai san boko ba, kamar yadda ni ma ban sani ba a lokacin. Ya ga kowane shafi an fara shi da Bismillah da Larabci. Ya buɗa tsakiya ya ga wani zane dogo, an yanka shi ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da lamba a ciki. Ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe a hankali ya ce, "Wanga hatimi ne. Addu'o'i ne yaron ya tara. A adana su, kada a bar yara su taɓa ba alwala." Ya ba ni na farko, ya ba Rabi, matar Malam, na biyu. Rabi tana goye da ɗiyarsu, wadda aka sa wa sunana, nake ce mata Takwara. Ta karɓa hannu biyu, kanta a ƙasa, ba ta ce komai ba.

Na ɗinka wa nawa riga da farin ƙyalle, na sa shi a gafaka tare da littattafan addini na marigayi maigidana. Shekara shida yana nan. Ranar Juma'a nakan ciro shi in ɗora a cinya in yi wa Malam addu'a. In ciwon kai ya dame ni in sa shi ƙarƙashin matashi. Har labari ya bazu a unguwa. Da naƙuda ta yi wa ɗiyar maƙwabciyata Hajo tsanani, Hajo ta shigo a guje ta ce in ara mata littafin Malam. Aka ajiye shi a gefen kan yarinyar, aka haihu lafiya, namiji. Ranar suna ni aka fara kawo wa nama.

Rabi ta gama takaba, ta zauna da ni shekara biyu, sannan ta yi aure a wani ƙauye ƙetaren iyaka, bayan Lolo, ta tafi da Takwara da littafi na biyu. Duk sanda wani zai je can nakan aika a gaishe ta, a tambaye ta littafi. Amsar ɗaya ce kullum: yana nan a ajiye, Inna.

Da aka buɗe ajin manya a garinmu, wasu sun shiga don su iya duba lambar waya, wasu don takardar asibiti. Ni na shiga don in karanta addu'ar ɗana da bakina. Na ce in Allah ya sa na iya, zan riƙa karanta shafi ɗaya kowace safiya, ladan ya je masa. Ban faɗa wa kowa ba, har malamarmu. Wata goma sha ɗaya na yi ina fama da baƙaƙe da wasula, yara suna leƙe ta taga suna dariyar tsohuwa da fensir. Ranar da na ji zan iya, na yi alwala, na shimfiɗa tabarma, na kwance ƙyallen. Na karanta Bismillah. Na sa yatsa a layin da yake ƙasa na bi shi harafi-harafi. Ga abin da ya fito: "Tarihin wani ƙaramin jirgin yaƙin Jamus mai tafiya ƙarƙashin ruwa."

Na ce kuskurena ne. Na sake bi daga farko. Jamus dai na sani, ina jin sunanta a rediyo. Na ce ƙila misali ne, irin na masu wa'azi, gaba zai juyo kan tsoron Allah. Na buɗa shafi na biyu, na uku. Babu wa'azi. Jirgi ne dai, da ƙarfe da inji da mutane a ciki. Hatimin da Baffa Manu ya gani kuwa cikin jirgin ne aka zana: nan ɗakin inji, nan wurin batir, nan wurin kwana, nan makewayi. Lamba ta bakwai, wadda na fi shafawa da hannu saboda tana tsakiya, wurin dafa abinci ne.

Ban yi kuka ba, ban yi dariya ba. Na zauna kawai har tuwon da na ɗora ya kama. Na rasa wa zan ji wa haushi. Malam bai taɓa ce mini addu'a yake rubutawa ba, ni na yanke haka da tsintsiyata a hannu.

Duk da haka na ci gaba da karantawa, don rubutunsa ne, kuma ba ni da wani. Ga abin da na fahimta, in na yi kuskure masana su gyara. Bayan babban yaƙin duniya na farko an hana Jamus ƙera irin waɗannan jirage. Da suka koma ƙerawa, sai suka fara da ƙanana, wannan yana cikin na farko-farko. Ba shi da suna kamar yadda masu jirgin Kwara suke rubuta wa nasu, sai harafi ɗaya da lamba. Don ƙanƙantarsa da yadda yake tangaɗi, matuƙansa da kansu kwale-kwale suke ce wa irinsa, Malam ya ja layi biyu ƙarƙashin wannan. In yana saman ruwa da man gas yake tafiya, in ya nutse sai batir. Yana da wani bututu mai madubi da ake ɗagowa a leƙa sama. Da fari makaranta ce, a cikinsa ake koya wa samari nutsewa da tasowa. Da yaƙi na biyu ya tashi, jirage suka yi musu kaɗan, sai aka loda masa makamai aka tura shi teku mai sanyi ya yi farautar jiragen wasu.

Malam bai damu da harbin sosai ba. Shafi ɗaya ya ba shi, ya rubuta cewa jiragen da ake harba na 'yan kasuwa ne, mutanen ciki ba su san hawa ba ba su san sauka ba, kuma shugabannin da suka aika jirgin azzalumai ne. Amma ya cika shafi goma a kan yadda ake kwana. Gadaje ba su isa ba, in wani ya tashi aiki wani ya faɗa wurinsa tun da ɗumi. Burodi yana yin fumfuna, a yanke bayan a ci cikin. Ba wanka. Tufafi ba sa bushewa. Ina karantawa ina tuna shi yana ƙarami, yadda yake tsayar da masunta da tambaya har su kore shi: kifi yana barci? In yana barci mi ya hana ruwa ya tafi da shi?

Littafina ya ƙare a mugun wuri. An gano jirgin. Ya sauka ya kwanta a ƙasan teku, an kashe inji, jiragen abokan gaba suna sama suna sako bama-bamai kamar ganguna. Mutanen ciki sun cire takalma don kada a ji takunsu. Fitila tana rawa, ruwa yana ɗiga ta wani wuri, iska ta fara yi musu kaɗan. Layin ƙarshe ya ce, "Shugaban jirgin ya dubi agogo, ya ce a jira." Sai bango. Ragowar tana wurin Rabi.

Shekara biyu na yi da wannan a ciki. Ku gane mini, ba son jirgin nake ba, ban ma san ko ya dace in damu da mutanen da suke ciki ba. Amma ɗana ya bar ni a tsakiyar magana. Shi ne abu na ƙarshe da yake faɗa, ni kuwa na ji rabi. In na je na ce wa Rabi ta ba ni in karanta, dole ta ce in karanta mata addu'ar mijinta ta ji, Rabi ba ta yi boko ba. Sai in yi mata ƙarya, ko in raba ta da abin da take riƙe da shi tun tana goyo. Na san daɗin da na ji shekara shida da littafin nan a cinyata, na kuma san yadda na ji ranar da ya zama jirgi. Ban ga dalilin da zan kai wa baiwar Allah wannan har gida ba. Ko Hajo ban faɗa wa ba. Jikan nata yana nan yana gudu a layi, in na gan shi sai in kau da kai, don ni kaɗai na san da mi aka karɓe shi.

Nakan tambayi kaina mi Malam zai ce da ya ga yau. An rufe iyaka an buɗe. Hanyoyin da yake bi da keke shi kaɗai yanzu sai an tambaya ko lafiya kafin a bi. Fadama ta cika da injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, na tabbata da yana nan sai ya kwance ɗaya ya ga cikinsa. Yaran makarantarsa sun zama magidanta, suna kallon irin jiragen nan a waya suna motsi, abin da shi sai da ya zana da biro. Ko zai ji daɗi, ko zai ce an sauƙaƙa abin har ya daina ban mamaki, ban sani ba. Abin da na fi son sani shi ne mi zai ce da ya ga uwarsa tana karatu. Ina jin dariya zai yi, irin tasa ta rufe baki da hannu, musamman in ya ji inda na ajiye masa jirginsa.

Bana da watan rasuwarsa ya kama, na ga ƙafafuna sun fara nauyi, na ce in ban je yanzu ba ƙila ba zan je ba. Na hau mota zuwa Lolo, daga nan mai babur ya ƙarasa da ni. Duk hanya ina shirya magana ina warwarewa. Na isa bayan azahar. Rabi ta rasa inda za ta sa ni, ta kawo ruwa, ta kawo fura, ta aika a kamo kaza. Takwara ta shigo daga makaranta, ta yi tsawo, goshin ubanta sak.

"Wagga tsohuwa ba ta mutu ba?" in ji ta, tana durƙusawa.

"Ina jiran ki biya ni sunana da kika ara," na ce.

Bayan la'asar, da gida ya yi shiru, muna tsince shinkafa a tire ni da Rabi, na ce, "Rabi, littafin nan."

"Yana nan a ajiye, Inna."

"Na shiga makarantar manya. Na iya karatu yanzu."

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta cika yi ba.

"Kin buɗe naki?"

"Na buɗe."

"Har ina kika kai?"

Tambayar ta ba ni mamaki. Na ce, "Har inda suka cire takalma."

Sai Rabi ta ja gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka take, na miƙa hannu zan riƙe ta, ashe dariya ce, hawaye na bin dariyar.

"Inna, wallahi sun fito. Kada ki damu, sun fito."

"Ke kin sani?"

"Ni da aka cika wa kunne? Ina daka yana ba ni labarin jirgi, ina wanki yana ba ni labarin jirgi. Har ce masa na yi in ya ƙara ambaton batir a ɗakina zan tahi gidanmu."

"To ranar da Baffa ya ce hatimi ne, mi ya hana ki magana?"

"Gaban Baffa? Ina cikin takaba?" Ta share ido. "Kuma na ga yadda kika rungume shi. Kwana arba'in ba ki ci abin kirki ba, ran nan kika ci tuwo. Na ce in addu'a ce ta sa, to addu'a ce."

"Shekara tara, Rabi."

"Kullum cewa nake yana nan a ajiye. Na yi ƙarya?"

Shekara biyu ina ɓoye mata abin da ita ta shekara tara tana ɓoye mini. Na tambaye ta ko Malam ya taɓa faɗa mata dalilin da ya sa ya damu da jirgin mutanen da ba danginsa ba, ba addininsa ba, a tekun da bai taɓa gani ba. Ta ce ta tambaya ba sau ɗaya ba. Abin da yake cewa kawai, "Mutum ashirin da biyar a cikin tulu, an rufe baki an jefa a ruwa, ke ba ki son ki san yadda suke numfashi?" Ita kuwa ta ce masa ba ta so.

Ta shiga ɗaki ta fito da littafin. Ba riga, ba gafaka, bangon ya lanƙwashe, wani shafin har da ɗigon miya. Takwara ce ta yi masa haka. Makarantarsu da Faransanci ake yi, amma baƙaƙen ɗaya ne, ta lallaɓa ta karanta shi ya fi sau biyar. Rabi ta ce yarinyar ta sha tambaya ina jirgin ya fito, wa ya ƙera shi, mi ya kai shi ƙasan teku, ta ce mata farkon yana wurin kakarki, kuma kada ki kuskura ki tambaye ta.

Na karanta kafin rana ta faɗi. Sun jira har na sama suka gaji suka tafi, suka taso, suka buɗe ƙofa suka sha iska. Jirgin ya koma gida. Bayan 'yan tafiye-tafiye aka ga ya yi ƙanƙanta ga yaƙin da ya faɗaɗa, aka mayar da shi makaranta, ya ci gaba da koya wa samari nutsewa, waɗanda aka riƙa turawa cikin manyan jirage, da yawansu ba su dawo ba. Da yaƙi ya zo ƙarshe, mutanensa da kansu suka buɗe masa ruwa a bakin gaɓa suka nutsar da shi don kada a kama shi. Shi ke nan. Na juya shafi ina neman inda Malam zai ce ga darasin da ke ciki, ko ga abin da ya sa na rubuta. Babu. Ya rubuta Alhamdulillahi, ya ja layi.

Har yanzu ban san mi zan yi da wannan ba. Na so ɗana ya bar mini addu'a, ya bar mini jirgi. Wani lokaci ina jin kamar ban san shi ba sam, mutumin da na haifa, na yi shekara talatin ina ba shi tuwo. Wani lokaci kuma ina ganin ban taɓa jin muryarsa sosai ba kamar a shafukan nan na burodi da gado, inda yake tsayawa ya tambayi abin da ba wanda ya aike shi. Addu'o'in da na yi da littafin a cinya kuwa, na tambayi zuciyata, ban ga sun lalace ba. Ba littafin nake roƙo ba. Batun Hajo ne dai ban yanke ba tukuna, ko in faɗa mata ko in bari sai yaron ya yi aure. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta, ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani.

Mun yi da mai babur ya zo ya ɗauke ni washegari da safe. Da gari ya waye na kira Takwara, na zaunar da ita kusa da ni a bakin ƙofa, na ciro littafin farko na ce mata in mun gama nata ne, ya zauna tare da ɗan'uwansa. Ta miƙo hannu za ta karɓa, ta ce ita ta fi ni sauri. Na ce na sani, amma wanga ni zan karanta miki. Na sa yatsa na fara, tana gyara mini inda na yi tuntuɓe, Rabi tana jin mu daga madafa tana cewa ba haka Malam yake faɗin sunan garin da aka ƙera jirgin ba. Muna shafi na huɗu mai babur ya iso ya yi ta danna ham a waje. Na aika a ce masa ya tafi, ya dawo jibi.